Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar SEC da kasuwar NGX: ku riga saƙon murya isowa gidajenmu

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta Ƙasa, SEC, da shugabannin Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya, NGX.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ke Kano, shadda da atamfa nake sayarwa sama da shekara ashirin. Ina da 'yan hannayen jari a kamfanoni huɗu, ba masu yawa ba. Na faɗi haka tun farko don ku san daga inda nake magana. Mu nan labarin kasuwarku ta rediyo da wayar hannu yake zuwa mana, kuma galibi sai ya bi ta baki uku ko huɗu kafin ya iso.

A watan Disamban 2021 aka fito da hannun jarin MTN Nigeria guda miliyan 575 domin jama'ar gari su saya, kowanne a kan naira 169. Mafi ƙanƙantar abin da mutum zai ɗauka guda 20 ne, wato naira 3,380, kuma daga wayarka za ka gama komai, ba sai ka nemi ofishin dillali ba. An yi alƙawarin cewa wanda ya riƙe nasa shekara guda bai sayar ba za a ƙara masa ɗaya kyauta a kan kowane 20. Mutum sama da 126,000 suka saya, da yawansu a wannan watan suka fara jin wani abu wai shi lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye wa mutum hannun jarinsa. Aiki ne mai kyau, kuma da amincewar hukumarku aka yi shi. Kafin nan, tun da aka sa kamfanin a kasuwa a watan Mayun 2019 a kan naira 90, hannun jarin a wurin manya yake yawo. Sai a 2021 ya shigo lungunanmu.

Gwaggona na cikin waɗanda suka saya. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma daga garatutinta ta ware naira 169,000 ta ce in saya mata dubu ɗaya. Na tuna muna zaune a tsakar gidanta bayan la'asar, ta miƙo min wayarta da katin shaidarta, na ce, Gwaggo, kin tabbata? Ta ce, "Ɗana, kullum ina sa kati, jikokina kullum suna kukan data. Kuɗin nan wani wuri suke tafiya, gara in bi su in ga inda suke kwana." Ban taɓa jin dillali ya bayyana dalilin sayen hannun jari da ya fi wannan ba. Ribar da aka raba ta shekarar 2022 ta kama naira 15 da kwabo 60 a kan kowane ɗaya, kuma ranar da alat ya shigo mata sai da ta kira ni in karanta mata shi sau biyu. Aka kuma cika alƙawarin kyautar, nata ya koma 1,050.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, amma zan maimaita shi domin wasiƙar nan ba ku kaɗai za ku karanta ba. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake lissafawa a kan naira 460 da wani abu ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar, a 2024 kuma ta haura 1,500. Kamfanin waya naira yake karɓa a hannunmu, amma hayar ƙarafan sabis da kayan aiki da wani sashe na rancen da ke kansa akasarinsu da dala aka ƙulla su. Duk ɗan Kwarin da ya taɓa ɗauko kaya bashi daga Guangzhou ko Dubai ya sayar da naira, sannan dala ta tashi kafin ya biya, ya san wannan ciwon a jikinsa: ciniki na tafiya, rumfa cike da masu saye, amma idan an zauna lissafi uwar kuɗi ce ke narkewa. A 2023 canjin kuɗi kaɗai ya ja wa kamfanin asarar kusan naira biliyan 740, ya rufe shekarar da faɗuwar biliyan 137. A 2024 asarar canjin ta kai kusan biliyan 925, faɗuwar shekara kuma ta kai biliyan 400, duk da cewa cinikinsa ya haura tiriliyan uku. Abin da ake bin kamfanin ya zarce abin da ya mallaka a takarda, har sai da aka kira taron gaggawa na masu hannun jari ranar 30 ga Afrilun 2024 kamar yadda dokar kamfanoni ta tanada. Rabon riba ya tsaya. Farashin da ya rufe 2023 a kan naira 264 ya yi ta gangarowa har ya faɗo ƙasa da 200, ya kusa komawa inda muka saye shi shekara uku baya, a lokacin da hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari.

Duk waɗannan alƙaluma kamfanin ya fitar da su, ban ce an ɓoye komai ba. Suna nan a rahotanninsa na wata uku-uku da na shekara, a shafin NGX, da Turancin akantoci, shafi bayan shafi. Gwaggona ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Abin da ta sani shi ne alat ya daina shigowa, kuma babu wanda ya gaya mata dalili.

Wajen ƙarshen 2024 wani saƙon murya ya shigo zauren WhatsApp na tsofaffin malaman makarantarsu. Na saurare shi daga baya, minti huɗu da 'yan daƙiƙu ne. Mai maganar namiji ne, muryarsa a natse, Hausarsa tsaf, ya fara da sallama da salati kamar mai wa'azi. Bai faɗi sunansa ba, ya dai ce yana da ɗan'uwa a ciki. Ya ce bankuna sun riƙe wa kamfanin naira biliyan 250 sun rantse ba za su biya ba, wannan ne ya karya shi. Ya ce shugaban kamfanin da bakinsa ya ce za su rufe. Ya ce Turawan sun fara kwashe kayansu, kafin sabuwar shekara hannun jarin zai zama takardar ƙunshe ƙosai, don haka mai rabon ganin baɗi ya sayar yau. Ya rufe da cewa a tura wa 'yan'uwa saboda Allah. A ranar ina kan hanyar Legas karɓo kaya. Gwaggo ta kira ni bai shiga ba, ta sa wani yaron maƙwabta ya taimaka mata ta tura wa dillalinta umarni, aka sayar da duka 1,050 a kan ɗan abin da ya ɗara farashin da ta saya. Wanda ya karɓi umarnin bai tambaye ta komai ba, bai kuma gaya mata komai ba. Da na dawo na je gaishe ta, ta ce min, "Alhamdulillahi na tsira da uwar kuɗina." Fuskarta da annuri take faɗa, domin ta yi imani wuta ta tsallake.

Ban rubuto don in ɗora wa hukumarku ko kasuwarku alhakin abin da ya same ta ba. Alhakin na kan wanda ya naɗi saƙon. Abin da ya hana ni barci shi ne da na zauna na warware maganarsa zare-zare, sai na ga kusan kowane zare da guntun gaskiya a jikinsa. Ƙarya tsagwaronta tana da sauƙin ganewa. Wannan kuwa gaskiya aka yayyanka aka ɗinka da ƙarya, shi ya sa ta yi tasiri a kan mace mai ilimi da ta koyar da lissafi shekara talatin.

Ku ɗauki maganar bashin. Gaskiya ne bankuna sun daɗe suna riƙe da kuɗin kamfanonin waya na USSD, wato lambobin nan da muke dannawa mu yi tiransifa ko mu duba asusu ba tare da data ba, waɗanda mutanenmu na karkara da masu ƙananan wayoyi suka dogara da su. Rigimar ta faro tun 2019 a kan wa zai biya kuɗin hidimar. A watan Maris na 2021 aka tsayar da naira 6 da kwabo 98 a kan kowace mu'amala, banki ya cira daga asusun mai hulɗa ya miƙa wa kamfanin waya. A lokacin ana maganar bashin biliyan 42. A 2023 ana maganar 120. Zuwa ƙarshen 2024 jaridu na buga kusan 250. To amma wannan jimillar ta kamfanonin waya ce gaba ɗaya. Kason MTN, kamar yadda ya bayyana a rahotonsa na shekarar 2024, kusan biliyan 74 ne, kuma an karɓo kusan 32 daga ciki bayan umarnin haɗin gwiwa da Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC suka bai wa bankuna ranar 20 ga Disamban 2024. Ku ajiye biliyan 74 kusa da biliyan 925 na asarar canjin dala. Ko yaron shago zai ga wanne ne ya kayar da raƙumin. Mai saƙon ya ɗauki bashin gari guda ya ɗora wa gida ɗaya, sannan ya ce shi ne ciwon, alhali ciwon na wani wuri daban.

Mu 'yan kasuwa ba mu jin tsoron kalmar bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙarƙashin teburina akwai wani baƙin littafi mai kauri da bangonsa ya tsufa har na liƙe shi da salatif, a ciki nake rubuta waɗanda suka ɗauki kaya, daga Maraɗi da Damagaram har Garwa da Anjamena. Idan lokacin fitar da zakka ya zo ina zama da littafin nan dare guda, domin malamanmu sun koya mana cewa ɗan kasuwa mai juya kaya yana haɗa bashin da yake sa ran karɓa a cikin dukiyarsa, wanda ya fid da rai kuma ya ajiye shi gefe har sai ya shigo hannu. Saboda haka suna bayan suna nake bi. Wannan abokin ciniki ne na shekara goma, duk ƙarshen wata yana turowa, bashinsa kuɗi ne. Wannan ya yi wata takwas yana cewa gobe in sha Allahu, amma yana ɗaga waya, kuma na san rumfarsa, sai in lissafa shi da shakka. Wannan kuwa ya canja lamba, an ce ya koma wani gari, nasa ba na sa shi a lissafi. Idan wani ya zo yana son mu haɗa jari, ba jimillar littafin zai tambaye ni ba. Zai ce wa kake bi, tun yaushe, ya amsa cewa ana binsa ko yana musu, kuma nawa ka riga ka sallama. Tambayoyi huɗu ke nan, kuma su ne dai akantocin manyan kamfanoni ke amsawa a can cikin bayanan ƙarshen rahoto, inda suke rarraba bashi bisa daɗewarsa su ware tanadin asara. Ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Harshen da ake faɗarsa da wurin da ake ajiye shi ne suka yi mana nisa.

Akwai abin da na daɗe ina mamaki a kansa. Yawancin bankunan da ake bi wannan bashi a lokacin suna kasuwar NGX, kamfanin da ke bin su ma yana kasuwar NGX. Abin da wannan ya rubuta a matsayin kuɗin da yake jira, ya kamata a gan shi a littafin wancan a matsayin kuɗin da zai biya. Duka ɓangarorin a ƙarƙashin idonku suke miƙa rahoto. Amma shekara biyar aka yi ana jin adadin daga bakin ƙungiyar kamfanonin waya da kanun jaridu, wannan ya ce kaza, wancan ya ce bai san zancen ba. An yi barazanar katse hidimar a 2021, an sake a 2023, a watan Janairun 2025 kuma NCC ta bayyana sunayen bankuna tara ta ba su wa'adin 27 ga wata. Kowace barazana sai ta zama sabon saƙon murya a wayoyinmu. Haka aka yi a Janairun 2024 lokacin da NCC ta sanar da cewa ta amince a taƙaita kiran layukan Glo zuwa MTN saboda bashin haɗa kira: kafin a ɗage matakin a sasanta, labarin ya riga ya rikiɗe a kasuwa ya zama abu goma. Na san sasanta banki da kamfanin waya aikin Babban Banki ne da NCC. Amma kare mai saka jari aikinku ne, kuma da kun buƙaci kowane ɓangare ya bayyana adadinsa a fili tun da wuri, da babu gurbin da mai ƙarya zai cusa nasa.

Maganar rufewa ma da tushenta. A watan Oktoban 2024 shugaban kamfanin, Karl Toriola, ya yi gargaɗi a bainar jama'a cewa idan ba a bari an ƙara kuɗin kira da data ba harkar ba za ta ɗore ba. Wanda ke bin lamarin ya san da gwamnati yake, domin an yi sama da shekara goma ba a taɓa farashin ba alhali man janareta da komai sun ninka. Ciniki ne ake yi da babbar murya. Amma wanda guntun maganar kaɗai ya iso masa, me zai fahimta? Kuma ku yi wa mutanenmu adalci, tsoronsu ba na banza ba ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sun ga 2008, lokacin da aka yi ta tallan hannun jarin bankuna, mutane suka sayar da filaye da shanu suka saya, cikin shekara guda darajar kasuwar ta zube da fiye da rabi. Sun ga Etisalat a 2017, yadda rancen dala biliyan 1.2 na bankuna 13 ya sa masu shi na Daular Larabawa suka janye, ya koma 9mobile. Sun ji GSK da Procter & Gamble sun tattara a 2023. Shi kansa MTN sun tuna tarar naira tiriliyan 1.04 da aka ci shi a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, wadda aka sasanta a kan biliyan 330, da rigimar dala biliyan 8.1 da Babban Banki a 2018. A ƙarshen Yulin 2024 ma, da aka rufe ɗimbin layuka saboda haɗa NIN ana saura kwanaki a fara zanga-zangar 1 ga Agusta, nan take aka baza cewa da gangan aka yi don a toshe bakin jama'a, har aka far wa ofishin kamfanin a Festac ta Legas, ya rufe shagunansa na yini guda. Mutumin da ya ga duk wannan, idan murya mai natsuwa ta ce masa gudu, ba zai tsaya neman rahoton shekara ba.

Abin da ya faru bayan Gwaggo ta sayar kowa ya gani. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Tun a watan Agustan 2024 kamfanin ya sake zama da IHS, mai yawancin ƙarafan da yake haya, aka rage kason da ke ɗaure da dala. Naira ta ɗan tsaya wuri ɗaya. A wata ukun farko na 2025 aka dawo riba ta biliyan 133 da ɗoriya, a wata shida ta haura biliyan 400, farashin hannun jarin ya wuce naira 400. Daga watan Yunin 2025 aka koma cire kuɗin USSD kai tsaye daga katin mai waya, wato an toshe ramin da bashin ke taruwa. Ba ina cewa duk wanda ya sayar a 2024 ya yi wauta ba. Akwai waɗanda suka karanta lissafin, suka ga haɗarin na gaske ne, suka fita da saninsu, kuma da gwamnati ta ƙi ƙarin farashin ko naira ta sake zubewa, da su ne suka yi daidai. Wannan kasuwa ce, kowa da ra'ayinsa. Abin da ke min ciwo shi ne wadda ta sayar a kan labarin da ba haka yake ba. Kuma duk hannun jarin da aka sayar, wani ne ya saya. Ranar da Gwaggo ke murnar tsira, akwai wanda ya karanta rahoton yana murnar samun araha. Idan haka za a ci gaba, kasuwar za ta zama bututun da ke kwashe ajiyar marasa Turanci yana zuba wa masu shi, kuma na tabbata ba don haka aka buɗe ƙofar a 2021 ba.

Roƙona na farko a kan harshe ne. Duk kamfanin da ya tallata hannun jarinsa ga jama'ar gari, a wajabta masa fitar da shafi guda tare da kowane rahoton wata uku, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin kasuwa, a tura wa kowane mai hannun jari ta wayar da aka yi rajista da ita, har da sautinsa ga wanda karatu ke yi wa wuya. Shafin ya faɗi ciniki nawa aka yi, riba ko asara nawa, mene ne babban dalilin, bashi nawa ake bin kamfanin kuma nawa ne na dala, sannan nawa yake bin wasu, tun yaushe, nawa ake jayayya a kai, nawa aka sallama. Idan ba za a raba riba ba a faɗi dalili da jimla biyu. Lambobin wayarmu suna hannun masu rajistar hannun jari, da su ake sanar da mu ranar taron shekara. Hanyar a buɗe take, saƙon ne babu. Wannan zai kuma taimaki dubban mutanenmu da ke fara tambayar malami ko hannun jari kaza halal ne kafin su saya, domin ma'aunin Musulunci, irin wanda ake bi a jerin NGX Lotus Islamic Index, yana duba yawan bashi mai ruwa da ke kan kamfani, kuma malami ba zai yi fatawa a kan lissafin da bai gani ba.

Na biyu, jita-jita. Na san dokokin kasuwarku sun tanadi cewa kamfani ya fito ya yi bayani idan wani labari na yawo da zai iya taɓa farashinsa, kuma na san farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini guda. Amma jita-jitar da ake sa wa ido ita ce wadda ta fito a jaridun Legas ko a shafin X. Wadda ke yawo da Hausa a zaurukan WhatsApp da TikTok babu mai jin ta a cikinku, kuma martanin da aka liƙa da Turanci a shafin NGX ba zai taɓa haɗuwa da ita a hanya ba. SEC na da ofishin shiyya a Kano. Ku ajiye mutum biyu ko uku masu jin Hausa da lambar WhatsApp guda da kowa ya sani, wanda ya samu saƙo ya tura, cikin yini biyu a dawo masa da amsa: wannan gaskiya ne, wannan ƙarya ne, wannan kuma ga yadda yake. Ku sayi minti goma sha biyar duk mako a Freedom Radio da Rediyon Tarayya na Kaduna da takwarorinsu, a riƙa sako irin waɗannan saƙonni ana warware su a gaban jama'a. Ina jaddada cewa ba lallashi muke nema ba. Idan labari mara daɗi gaskiya ne, ku ce gaskiya ne. Ranar da aka kama ku kuna shafa wa mummunan labari mai, ranar za a daina sauraronku, a koma wurin mai ɗan'uwa a ciki.

Sai hukunci. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta ƙara wa hukumarku ƙarfi, kuma mun ji yadda kuka tashi tsaye a kan masu damfarar ninka kuɗi bayan rugujewar CBEX a watan Afrilun 2025. Yaɗa ƙarya don a karya farashi a saye da araha shi ma sata ne, ko da ɓarawon bai fasa ƙofa ba. Kuna da bayanan wanda ya saya da wanda ya sayar a kowace rana. Idan saƙo ya karaɗe gari a mako guda, ku duba wa ya yi ta kwasa a makon. Ko mutum ɗaya aka gurfanar aka faɗi sunansa a rediyo da Hausa, masu naɗar irin wannan murya za su yi tunani sau biyu. Dillalai kuma a umarce su: idan ƙaramin mai jari ya zo zai sayar da duk abin da ya mallaka a rana ɗaya, a karanta masa wancan shafi guda kafin a cika umarninsa. Ba a hana shi ba, dukiyarsa ce. A dai tabbatar ya ji.

Farashin wannan kamfani ko wani zai sake faɗuwa wata rana, domin dala ba ta yi wa kowa alƙawari ba, haka ma gwamnati da farashin mai. Ana kuma ta maganar kawo wasu manyan kamfanoni kasuwa, za a sake zuwa lungunanmu a ce mu saya ta waya. Zan so in iya ce wa maƙwabtana na Kwari su saya. A yanzu idan sun tambaye ni, sai in tuna tsakar gidan Gwaggo in yi shiru.

Ita ba ta san farashin ya ninka ba sai da wata tsohuwar abokiyar aikinta ta gaya mata a wurin wani biki. Da na je ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zargi kowa ba. Ta ɗauko takardar da na rubuta mata lambarta ta CSCS, wadda take ajiyewa a cikin jakar takardun fanshonta, ta tambaye ni ko lambar tana nan da rai tunda asusun babu komai. Na ce tana nan. Ta ce to in bar mata ita, in an fara bayani da Hausa a rediyo in gaya mata ranar da lokacin, tana so ta ji da kunnenta kafin ta sake sa ko kwabo. Na yi mata alƙawarin zan rubuto muku in tambaya.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Ɗan kasuwa mai ƙaramin hannun jari,
Kantin Kwari, Kano.